Tausar ƙoƙon kai da karkacewar ƙashin baya: abin da take iya yi wa 'yarki da abin da ya fi ƙarfinta

Wata uwa ce ta aiko da tambaya. 'Yarta shekararta 13, ba ta fara al'ada ba, an ɗauki hoton bayanta an ce ƙashin ya karkace da digiri 28. Likita ya rubuta mata rigar roba mai tauri da za ta riƙa sawa, yarinya ta ce sam ba za ta saka ba, har da kuka. Sai wata ta ba uwar labarin tausar ƙoƙon kai irin ta masu ostiyofati, wato masu jinyar jiki ta hanyar taɓawa da motsa gaɓoɓi da hannu, aka ce mata aiki ne mai laushi, babu zafi, yana saita jiki tun daga kai har ƙugu. Ita kanta uwar tana fama da riƙewar wuya da ɗaurewar kafaɗu. Tana so ta san ko za su iya gwadawa su biyun, ko ma a bar rigar a koma wa tausar.

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Ni aikina gashin ƙashi ne da motsa jiki, kuma 'yan mata irin 'yarki suna cikin waɗanda na fi damuwa da su, don haka zan yi miki bayani dalla-dalla. Tambayarki guda biyu ce a haɗe, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. A kan wuyanki da kafaɗunki, kina iya gwadawa, wataƙila ma ki ji daɗinta. A kan bayan yarinyar kuwa, tausar kai ba ta rage digiri ko ɗaya, ba ta hana karkacewar ƙaruwa, kuma idan aka ajiye rigar saboda ita, an yi asarar da ba a iya mayarwa.

Bari in fara da ita tausar, don ki san abin da ake tallata miki. Ostiyofati wani likita ɗan Amurka ne ya kafa shi, Andrew Taylor Still, a 1874, ya kuma buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Misuri a 1892. Cikin ɗalibansa akwai William Sutherland. Shi ne ya tsaya yana kallon ƙoƙon kan mutum da aka rarraba, ya lura da yadda bakin ƙasusuwan gefen kai suke hawa kan juna, sai ya raya a ransa cewa an yi su haka ne don su riƙa motsi. Ya shafe shekaru yana gina wannan tunani, ya fitar da littafi a kansa a 1939. Abin da ya koyar shi ne ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka yana da wani bugu nasa na kansa, dabam da bugun zuciya da numfashi, ƙasusuwan kai suna buɗewa suna rufewa da wannan bugun, kuma hannun da ya ƙware zai iya jin sa ya gyara shi idan ya sarƙe. A shekarun 1970 wani likitan ostiyofati, John Upledger, ya sauƙaƙa tsarin ya koyar da shi ga waɗanda ba likitoci ba. Shi ya yaɗa maganar cewa nauyin hannu kada ya wuce giram 5, wato nauyin kwabon Amurka na santi biyar.

Inda maganar ta haɗu da ƙashin baya shi ne wata fata mai kauri da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ta sauko ta cikin ramin ƙashin baya, ta manne a ƙashin da ke tsakiyar ƙugu ta baya. Wannan fatar tana nan, babu musu. Masu tausar suka ce idan ta murɗe daga sama, sai ta ja gadon baya ya karkace, idan kuma aka sassauta ta daga kai, baya zai miƙe. Tunani ne mai daɗin ji, kuma na fahimci dalilin da ya sa uwa za ta karɓe shi hannu bibbiyu, musamman idan ɗaya zaɓin shi ne 'yarta ta kwana cikin roba.

Sai dai an gwada shi, bai tsaya ba. Kan mutum ƙashi 22 ne, takwas na ƙoƙon, sha huɗu na fuska. A jariri suna da sassauci, shi ya sa ake ganin maɗiga tana bugawa. Da girma mahaɗunsu suna sarƙewa da juna gam, kuma guringuntsin da ke gindin ƙoƙon kai, wanda Sutherland ya ɗauka shi ne cibiyar motsin, yana zama ƙashi tun a shekarun balaga. Giram 5 a kan fata da gashi ba zai gusar da irin wannan ba. Sannan akwai gwajin da ya fi komai sauƙin fahimta. A shekarun 1990 da farkon 2000 masu bincike sun sa ƙwararru biyu su ƙirga wannan bugun a jikin mutum ɗaya, wani lokaci ma a lokaci guda, ɗaya a kai ɗaya a ƙugu ko ƙafa, ba tare da sun ga juna ba. Lissafinsu bai zo daidai ba. Da bugun jijiyar hannu ne, ma'aikatan jinya biyu za su ba ki kusan lamba ɗaya. A 2016 wasu masana a Faransa suka tattara duk binciken da aka yi a kan wannan fanni, suka tarar babu ingantacciyar hujja cewa gano cuta ta wannan hanya abin dogaro ne, haka ma warkarwar. A kan karkacewar baya kuwa, babu wani gwaji mai inganci da ya nuna tausar kai ta rage digirin hoto.

Don ki ga dalilin da ya sa hakan ba zai yiwu ba, sai kin san abin da ke faruwa a cikin bayan 'yarki. Gadon baya yana da ƙananan ƙasusuwa 24 masu motsi da aka jera kan juna: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu. A wannan larura da likitoci ke kira sikoliyosis, jerin yana lanƙwasa gefe, kuma kowane ƙashi yana murɗawa, yana jan haƙarƙari tare da shi. Shi ya sa idan ta sunkuya za ki ga gefe ɗaya na bayanta ya fi tudu, allon kafaɗa ɗaya ya fi fitowa. Da zarar lanƙwasar ta samu, nauyin jiki ya fi danne gefen ciki. Ƙashin yaro kuwa inda aka danne shi girmansa yana raguwa, inda aka sassauta masa yana ƙaruwa. A hankali sai ƙashin da ya kamata ya zama daidai ta kowane gefe ya yi siriri ta gefe ɗaya, ya yi kauri ta ɗayan, wannan kuma ya ƙara lanƙwasar, lanƙwasar ta ƙara dannewar. Matsalar tana cikin siffar ƙashin da yadda yake girma, awa 24 a kowace rana. Taɓawar minti 40 sau ɗaya a mako, a kai, ba ta kai wurin ba.

Ki cire wa kanki zargi tun yanzu. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan larura ba a san takamaiman sanadinta ba, kuma tana samun yara 2 zuwa 3 cikin kowane 100 a shekarun tasowa. Jakar makaranta ba ta kawo ta, yanayin zama ko kwanciya ba ya kawo ta. Tana bin dangi, don haka ki duba ƙannenta: su tsaya ƙafa a haɗe, su sunkuya gaba hannu a sake, ki kalli bayan daga baya ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Wannan gwajin wani likitan Ingila, William Adams, ya bayyana shi tun 1865, har yau da shi ake fara dubawa.

Lambar 28 ɗin da aka ba ki, ana auna ta ne a hoto ta hanyar da likita John Cobb ya tsara a 1948. Daga digiri 10 ake kiran abin karkacewa. Ƙasa da 20 zuwa 25 yawanci sa ido ake yi, ana maimaita hoto bayan wata huɗu zuwa shida. Daga 25 zuwa 40 a yaron da bai gama girma ba, nan ne wurin riga. Idan ta haura 45 zuwa 50, sai a fara maganar tiyata. Abin da ya sa 50 ta zama iyaka shi ne abin da aka gani a mutanen da aka bi shekaru da yawa: lanƙwasar da ba ta kai 30 ba lokacin da girma ya tsaya, galibi nan take tsayawa, amma wadda ta wuce 50 takan ci gaba da ƙaruwa kamar digiri ɗaya a shekara har tsufa. Manya sosai a ƙirji, 80 zuwa sama, su ne ke takura huhu.

Abu biyu a labarin 'yarki suka sa na ɗauki maganar da zafi: mace ce, kuma ba ta fara al'ada ba. 'Yan mata sun fi maza haɗarin ƙaruwar lanƙwasa nesa ba kusa ba. Kuma mafi saurin tsawon da yarinya ke yi yana zuwa ne gab da fara al'ada, daga nan ya ci gaba a hankali na kusan shekara biyu. Ma'ana tana tsakiyar lokacin da bayan zai iya ƙara digiri goma ko fiye cikin 'yan watanni, kuma tana tsakiyar lokacin da riga ke aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitanta zai duba saman ƙashin ƙugu a hoton, akwai ma'auni daga 0 zuwa 5 da ke nuna sauran girman da ya rage mata. Ki tambaye shi lambarta nawa.

Rigar ba zato ba ce. A 2013 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da Stuart Weinstein na jami'ar Iowa ya jagoranta a asibitocin Amurka da Kanada, a kan yara 242 masu shekara 10 zuwa 15 da lanƙwasa tsakanin digiri 20 da 40. Cikin waɗanda suka sa riga, kashi 72 cikin 100 sun gama girma ba su kai 50 ba. Cikin waɗanda aka sa wa ido kawai, kashi 48 ne. An saka wata 'yar na'ura mai jin ɗumin jiki a cikin rigar don a san ainihin awoyin da aka sa ta, sai aka ga waɗanda suka kai kimanin awa 13 ko fiye a rana, kashi 90 cikin 100 ko sama sun tsira daga wannan iyakar, waɗanda kuma ba su wuce awa shida ba, kusan daidai suke da waɗanda ba su sa ba. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa. Rigar ba ta mayar da baya ya miƙe sarai, aikinta ta riƙe shi inda yake har girma ya ƙare. A wurin yarinya mai digiri 28, wannan riƙewar ita ce tsakaninta da tiyata.

Kukan da take yi kuwa, kada a raina shi. Yarinya mai shekara 13 ba abin da take tsoro kamar a gan ta dabam da ƙawayenta, ga zafi, ga ƙaiƙayi, ga wahalar sunkuyawa. Faɗa da tilas ba sa kai wa ga awa 13, sai dai ta riƙa cirewa a ɓoye. Abin da na ga yana aiki shi ne a nuna mata hoton bayanta da idonta, likita ya yi mata bayani ita kanta, a faɗa mata cewa abin yana da ranar ƙarewa. A fara da awa biyu ko uku, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu har a kai abin da likita ya rubuta. Ta sa 'yar shimi ta auduga mara ɗinki mai kauri a ƙasa. Awoyin barci suna cikin lissafi, wannan kaɗai ya ɗauke kusan takwas. Tana cirewa don wanka da wasanni, kuma a bar ta ta yi wasanninta, motsi alheri ne gare ta. Idan wani wuri ya yi ja bai washe ba bayan rabin awa da cirewa, a koma wurin wanda ya ƙera rigar ya gyara. Sau da yawa ƙiyayyar riga daga rashin daidaiton ɗinkinta take.

Idan abin da kike nema shi ne wani abu mai laushi da za a haɗa da rigar, akwai wanda ya fi tausar kai hujja. Katharina Schroth, wata Bajamushiya da ita kanta ta yi fama da wannan larura, ta buɗe wurin koyar da atisayenta a garin Meissen a 1921. Ana koya wa yaro ya san siffar lanƙwasarsa, ya miƙar da kansa da ƙarfin tsokarsa a gaban madubi, ya tura numfashi zuwa gefen ƙirjin da ya lotsa. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna amfani matsakaici: 'yan digiri kaɗan, ƙarfin tsokar baya, da jin daɗin jiki. Ba ya maye gurbin riga, amma yana ba yarinya abin da za ta yi da kanta, kuma wannan yana canza yadda take kallon larurar. Ki nemi likitan gashin ƙashi da ya koyi irin wannan atisaye.

Yanzu ga wuyanki. Ɗaurewar da kike ji gaskiya ce. Tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu, da wasu ƙanana da ke can ƙarƙashin ƙeya, suna ɗaurewa idan mutum yana cikin damuwa, ko ba ya samun barci, ko yana yawan sunkuyar da kai a kan waya, ko yana cije haƙora da dare. Daga nan ciwon kai yake tasowa, mai kama da an ɗaure kai da ƙyalle. Uwar da ke kwana tana tunanin bayan 'yarta, ba abin mamaki ba ne wuyanta ya riƙe. A zaman tausar kai za ki kwanta rigingine da kayanki a jiki, minti 30 zuwa 45, a ɗaki shiru, mutum ya tallafi ƙeyarki da yatsunsa, ya ɗora hannu a gefen kai, wani lokaci a ƙarƙashin ƙugu. Numfashi yana lafawa, bugun zuciya yana sauka, tsokar ƙeya da ta samu abin jingina tana saki. Mutane da yawa barci ke ɗauke su. Wannan sauƙin na gaske ne, kuma ba ya buƙatar ƙashin kai ya motsa kafin a same shi. Natsuwa, taɓawar hannu mai kulawa, da samun wanda ya saurare ki, kowanne yana rage yadda jiki ke jin ciwo.

Akwai wani ƙaramin gwaji a Jamus a 2016, mutum 54 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, aka yi wa rabi wannan tausar na mako takwas, rabi kuma taɓawa ta kwaikwayo, waɗanda aka yi wa ta ainihin suka fi samun sauƙi. Amma da aka haɗa gwaje-gwaje da yawa wuri ɗaya aka tace marasa inganci, amfanin da ya wuce na kwaikwayo bai tabbata ba. Ni abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne su ɗauke ta a matsayin hanyar hutawa. Ki ba ta zama uku ko huɗu. Idan barcinki ya gyaru, wuya ya saki, kuma kuɗin bai takura ki ba, babu laifi. Idan ba ki ga canji ba, ki tsaya, kada a ce miki sai an yi ashirin. Abin da ya fi daɗewa yana aiki a ciwon wuya shi ne ƙarfafa tsokar wuya da kafaɗu sau biyu ko uku a mako, da tafiya a ƙafa, da gyara barci. Kafin komai ma a auna hawan jininki. Idan kuma akwai dindiris ko rashin ƙarfi a hannu, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko zazzaɓi, ko rama ba dalili, asibiti za ki nufa tukuna.

Ita ma yarinyar, idan riga tana gajiyar da tsokarta ko tana cikin fargaba, zaman tausa mai laushi ba zai cutar da ita ba, muddin rigar tana jikinta awoyin da aka ce, kuma ba a tsallake ranar hoto ba. Haɗarin taɓawar kanta kaɗan ne ga mai lafiya. Ba a yi wa wanda ya bugu a kai kwanan nan, ko mai fashewar ƙoƙon kai, ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko kumburin jijiyar jini a kai, ko wanda aka saka wa bututun janye ruwa daga ƙwaƙwalwa. Kada ki yarda a murɗa mata wuya da ƙarfi ko a tanƙwara shi da sunan gyara. Ki zauna a ɗakin tare da ita daga farko har ƙarshe. Ki kuma tambayi mai yin aikin karatunsa da lasisinsa, domin sunan ostiyofat ba abu ɗaya yake nufi a ko'ina ba: a Amurka cikakken likita ne mai rubuta magani, a Birtaniya doka ta 1993 ta wajabta masa rajista da hukuma, a wasu ƙasashen kuwa wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki ma yana iya kiran kansa haka. Mai gaskiya a cikinsu zai gaya miki da bakinsa cewa ba ya miƙar da ƙashi, zai kuma tambaye ki abin da likitan ƙashi ya ce. Wanda ya yi miki alkawarin rage digiri, ko ya ce riga tana raunana baya a cire ta, ki ɗauki 'yarki ku fita. Idan ya nuna miki hoto biyu ya ce an samu ragin digiri uku ko huɗu, ki sani awon kansa yana iya bambanta da kusan digiri 5 tsakanin mai awo da mai awo, ko tsakanin hoton safe da na yamma.

Akwai alamun da idan kin gan su a jikinta ba za ki jira ranar da aka ba ku ba. Irin wannan karkacewar ta masu tasowa ba ta cika zuwa da ciwo mai tsanani ba. Ciwon da ke tashinta daga barci, rauni ko dindiris a ƙafa, tuntuɓe da yawa, canji a riƙe fitsari ko bayan gida, zazzaɓi da gumin dare, ko lanƙwasar da ke ƙaruwa a idonki cikin makonni, duk suna sa likita ya nemi hoton MRI don ya duba lakar da kanta. Haka idan tudun ƙirjin ta hagu yake, domin mafi yawan na masu tasowa ta dama yake fitowa. Ki koma wurin likitanta cikin wannan makon tare da ita, ku gaya masa gaskiya cewa ba a fara sa rigar ba, ya sake duba ko har yanzu ta yi mata daidai, ya kuma sa muku ranar hoto na gaba.